Ƙudirinmu ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Tarayya, saura me ya zama doka?

Bazazzagi:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman ƙarin haske daga masana. Kwana biyun nan ana ta yawo da wata sanarwa a WhatsApp da Facebook cewa ƙudirin da ɗan majalisar wakilan yankinmu ya kai, na kafa kwalejin ilimi ta tarayya, ya tsallake karatu na biyu. Magoya bayansa har sun fara buga fosta suna yi masa barka, wasu na cewa an gama, saura a zo a duba fili. 'Yan adawa kuma sun ce yaudara ce, ko'ina bai je ba. To tsakani da Allah, mene ne karatu na biyun nan? Karatu nawa ne gaba ɗaya, wa ke karantawa, kuma matakai nawa suka rage kafin a ce ya zama doka? In da hali a yi mana dalla-dalla har da lambobin sassa, don in musu ya tashi mu san abin da za mu riƙe. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Gwale:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare akwai inda ya yi gaskiya, amma 'yan adawar sun fi kusa da ita. Karatu na biyu kamar an karɓi kuɗin na-gani-ina-so ne: magana ta shiga, amma ba a ɗaura aure ba.

Tushen maganar sashe na 58 ne na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Abin da ya shimfiɗa shi ne doka ba ta tabbata sai Majalisar Dattawa mai sanatoci 109 da Majalisar Wakilai mai mambobi 360 sun amince da ƙudiri guda, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Zancen karatu uku ba a cikin kundin yake ba. A cikin ƙa'idojin zaman kowace majalisa yake, waɗanda sashe na 60 ya ba su ikon tsara wa kansu. Shi ya sa in sun ga dama sukan jingine ƙa'idar su yi karatun uku a zama ɗaya. Haka Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudirin komawa tsohon taken ƙasa a watan Mayun 2024, Tinubu ya sa masa hannu ranar 29 ga watan. Haka kuma majalisun biyu suka yi wa ƙudirin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin shekarar. Wato saurin tafiyar ƙudiri ba ƙa'ida ce ke yanke shi ba, wanda ke bayansa ne.

Ta ƙofa biyu ƙudiri ke shiga. Na gwamnati, shugaban ƙasa ne ke aiko shi da wasiƙa, Shugaban Majalisar Dattawa da Kakaki su karanta wasiƙar a zaure, Shugaban Masu Rinjaye ya ɗauki nauyin gabatar da shi. Na ɗan majalisa, irin naku, shi zai sa a rubuta masa ya miƙa wa shugabancin majalisarsa, a tura wa kwamitin da ke tsara ayyukan zama. Ni da kai ba mu da ikon kai ƙudiri kai tsaye. Ko ƙungiya ce ta rubuta, sai ta samo ɗan majalisar da zai ɗora sunansa. A nan ake ba shi lamba, HB in daga Wakilai ya taso, SB in daga Dattawa, a buga shi a gazet, wato jaridar sanarwa ta hukuma, a raba wa mambobi.

Karatun farko ba komai ba ne. Akawun majalisa zai miƙe ya karanta taken ƙudirin, shi ke nan. Babu muhawara, babu ƙuri'a. A safiya ɗaya ana iya yi wa ƙudirori masu yawa haka cikin 'yan mintuna.

Karatu na biyu shi ne ranar da mai ƙudiri ke samun bakin magana. Sai an sa shi a takardar ayyukan ranar tukuna, kuma samun gurbi a takardar nan ma aiki ne, tunda a al'ada Talata da Laraba da Alhamis kawai ake zama. Zai nemi a karanta ƙudirin karo na biyu, wani ya mara masa baya, ya yi jawabin buɗe muhawara kan dalilin da ya sa ake buƙatar dokar. Manufar ƙudirin gaba ɗaya ake tattaunawa, ba a taɓa sassansa, ba a gyara ko kalma. In zai ci kuɗin gwamnati, kamar kafa makaranta ko hukuma, ana buƙatar a haɗa shi da lissafin abin da zai ci. Daga nan mai jagorantar zama ya sa ƙuri'ar murya, masu goyon baya su amsa, masu ƙi su amsa, ya yanke da kunnensa wane ɓangare ya fi, ya buga guduma.

Ka lura da adadin mutanen da ake buƙata. Sashe na 54 ya ce zama yana halatta da kashi ɗaya cikin uku na mambobi, wato sanatoci 37 ko wakilai 120. Sashe na 56 kuma ya ce rinjayen waɗanda ke zaune suka jefa ƙuri'a ya isa. Ke nan sanatoci 19 za su iya wucewa da ƙudiri. Kuma ba a tsayawa ƙirga kawuna sai wani mamba ya tashi ya ce adadi bai cika ba. Sannan ƙudirin mazaɓa irin wannan ba kasafai ake kashe shi a zaure ba, domin kowane ɗan majalisa yana da nasa a layi, in ka kashe na wani yau, gobe naka zai zo. Saboda haka tsallake karatu na biyu ba shaida ce ta ƙarfin ƙudiri ba.

Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne kwamiti. Bayan gudumar, za a miƙa ƙudirin ga kwamitin da abin ya shafa, a ba shi 'yan makonni ya dawo da rahoto. Kwamitin zai sa sanarwa a jaridu, ya nemi rubutattun bayanai, ya kira zaman jin ra'ayin jama'a. Kan ƙudiri irin naku za a gayyaci Ma'aikatar Ilimi da hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, wato NCCE, da masu ruwa da tsaki daga yankin. Wannan ce kaɗai gaɓar da talaka ke da bakin magana a hukumance, kuma mutanenmu sun fi sakaci da ita. In sarakunanku da malamanku da ƙungiyoyinku ba su aika takarda ba, abin da ma'aikata ta faɗa shi zai cika rahoton.

A nan ne ƙudirori suka fi mutuwa, kuma ba kashe su ake yi da ƙuri'a ba. Shugaban kwamiti bai sa rana ba, ko ba a saki kuɗin shirya zaman ba, ko an yi zaman an ga jama'a sun yi ca a kai sai a ajiye rahoton a durowa. Ka tuna ƙudirin taƙaita kafofin sada zumunta na Sanata Mohammed Sani Musa daga Neja. Ya tsallake karatu na biyu a 2019, aka yi zaman jin ra'ayi a watan Maris na 2020, mafi yawan masu magana suka ƙi shi, bai sake tasowa ba.

In rahoto ya dawo, majalisa kan rikiɗe ta zama kwamitin kowa da kowa, a bi ƙudirin sashe bayan sashe, daga na ɗaya har jadawalin ƙarshe da dogon takensa. A Majalisar Wakilai Mataimakin Kakaki ne ke jagorantar wannan zama. Nan ake gyara, nan ake cire sashe ko a ƙara, kuma nan faɗan gaske yake. Wanda bai yarda da hukuncin ƙuri'ar murya ba yana iya neman a ƙirga mutum ɗaya-ɗaya. An yi haka a Majalisar Dattawa a watan Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta intanet, kowane sanata ya miƙe ya faɗi matsayinsa, aka tashi 52 da 28. Bayan an gama sassa sai karatu na uku, wanda galibi tabbatarwa ce kawai.

Duk wannan a majalisa ɗaya ke nan. Naku bai kai rabin wannan rabin ba.

Barista_Katsina:

Allah ya gafarta Malam, bayani ya yi. Bari in ɗora daga inda ka tsaya.

Bayan karatu na uku, akawun majalisar da ƙudiri ya taso zai aika wa ɗaya majalisar don neman amincewarta. A can ma sai ya yi karatunsa uku, sai dai galibi ba a sake zaman jin ra'ayin jama'a, daga karatu na biyu ake zarcewa da shi kwamitin kowa da kowa. Matsalar ita ce a can ba shi da uba. Mai shi ba mamba ba ne, ba zai iya tashi ya tuna da shi ba, sai in yana da sanatan da zai riƙa bibiya. 'Yan Majalisar Wakilai sun sha kokawa cewa ƙudirorinsu na jibge a Majalisar Dattawa.

In majalisa ta biyu ta amince ba tare da ta canza komai ba, an huta. In ta canza ko da adadi ɗaya ne, sai ko dai ta farko ta karɓi gyaran, ko a kafa kwamitin daidaitawa mai mambobi daga ɓangarorin biyu. Aikinsa wuraren da aka saɓa kawai, ba shi da hurumin shigo da sabon abu. Misali mai kyau shi ne dokar man fetur ta 2021. Kan kason da kamfanoni za su ware wa al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu, Dattawa suka ce kashi 3 cikin ɗari, Wakilai suka ce kashi 5. Kwamitin ya ɗauki 3, aka mayar wa majalisun biyu suka amince, Buhari ya sa hannu ranar 16 ga Agusta. Kuma ƙudirin nan tun 2008, zamanin 'Yar'aduwa, aka fara kai shi majalisa.

Mayar da rahoton ga majalisun biyu ba al'ada ce kawai ba, wajibi ne. A 1981, zamanin Shagari, majalisun biyu sun saɓa kan ƙudirin rabon arzikin ƙasa. Kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi ya yanke matsaya, aka wuce da ita wurin shugaban ƙasa kai tsaye ya sa hannu. Jihar Bendel ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe dokar ɗungurungum, ta ce kwamiti ba majalisa ba ne. A kundin yanzu sashe na 62 ya faɗi ƙarara cewa majalisa ba za ta miƙa wa kwamiti ikon yanke ko ƙudiri zai zama doka ba.

Mataki na gaba mutane ba su cika saninsa ba. Akawun Majalisar Tarayya, wanda ke sama da akawun kowace majalisa, shi ke haɗa tsaftataccen kwafi da duk gyare-gyaren da aka yi, ya sa hannun shaida cewa wannan shi ne abin da majalisun biyu suka amince da shi, sannan ya aika fadar shugaban ƙasa. Aiki ne na ofis, amma wuri ne mai haɗari, domin tsakanin zaure da fada rubutu na iya canzawa. An yi rikicin haka kan dokar zaɓe ta 2001, lokacin da aka tarar da wani sharaɗi mai takura wa sababbin jam'iyyu a kwafin da Obasanjo ya sa wa hannu, 'yan majalisa da dama suka ce ba su san da shi ba.

Daga ranar da aka gabatar masa, shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya bayyana ya amince ko ya ƙi. Daga ranar gabatarwa ake lissafi, ba daga ranar karatu na uku ba, kuma tsakanin biyun ana iya shafe makonni. A cikin kwanakin nan fada kan tura wa Ministan Shari'a da ma'aikatun da abin ya shafa su ba da shawara. In ya ƙi, yakan rubuto wasiƙa da dalilai a karanta a zaure. Dalilan kusan iri ɗaya ne kullum: babu kuɗi, akwai hukumar da ke wannan aikin tuni, rubutun ya ci karo da wata doka ko da kundin tsarin mulki. Da dalilin kuɗi da na shiga aikin jami'an tsaro Buhari ya mayar da ƙudirin kafa rundunar Peace Corps a 2018.

In an mayar, hanya biyu ce. Ta farko su gyara abin da ya nuna su sake aika masa. Ita aka bi kan dokar zaɓe ta 2022: a watan Disambar 2021 Buhari ya ƙi saboda an tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe kaɗai wajen fid da gwani, majalisa ta buɗe wasu hanyoyin, ya sa hannu ranar 25 ga Fabrairun 2022. Ya sa hannun yana ƙorafi kan sashe na 84(12) na dokar, wanda ya hana masu muƙaman siyasa na naɗi shiga zaɓen fid da gwani, daga baya ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotun ta kori ƙarar a watan Yuni ta ce wanda ya sa wa doka hannu ba zai juyo ya ƙalubalance ta ba. Shugaban ƙasa ba shi da ikon ɗaukar wani sashe ya bar wani, ko duka ko babu.

Hanya ta biyu su yi gaban kansu. Sashe na 58(5) na kundin tsarin mulki ya ce in kowace majalisa ta sake amincewa da ƙudirin da rinjayen kashi biyu cikin uku, ya zama doka ba sai da hannunsa ba. An yi haka a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, bayan Obasanjo ya ƙi. Amma abu ne mai wuya ƙwarai, kuma ba wanda zai tara wannan adadi saboda kwalejin mazaɓa ɗaya.

Bazazzagi:

Na gode Malam, na gode Barista. Tambaya biyu suka rage mini. Wani ya ce in kwana 30 suka cika shugaban ƙasa bai ce komai ba, ƙudirin ya zama doka da kansa. Haka ne? Sannan kashi biyu cikin ukun nan, na waɗanda suka zo zama ne ko na dukkan mambobi?

Barista_Katsina:

Ta farko ba haka ba ne, ɗan'uwa. Tsarin Amurka ne aka ɗauko aka liƙa mana. A can in kwana goma suka wuce, ban da Lahadi, majalisa kuma tana zama, shirun shugaba amincewa ne. A namu kundin babu wannan. Shiru ba ya haifar da doka, ƙudirin zai ci gaba da zama a fada har sai majalisa ta motsa ko wa'adinta ya ƙare. Dokar 'yancin samun bayanai ta ga haka. Majalisa ta amince da ita a ƙarshen mulkin Obasanjo, bai sa hannu ba har ya sauka a 2007, aka koma baya, sai ranar 28 ga Mayun 2011 Jonathan ya rattaba mata hannu, alhali tun 1999 aka fara kai ta.

Ta biyu an yi shari'a a kanta. Sashe na 58(5) bai ce "dukkan mambobi" ba, shi ya sa majalisa ta ɗauka na waɗanda ke zaune ne lokacin da ta tsallake Obasanjo kan dokar zaɓe ta 2002. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a, na dukkan mambobi ne, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ta kuma ce ba a yin sa da neman amincewa kawai a zama guda, sai ƙudirin ya sake bin matakansa.

Ƙarewar wa'adi ita ce babbar barazana ga ƙudirinku. Sashe na 64 ya ce majalisa na rushewa bayan shekara huɗu daga zamanta na farko. Ta goma an ƙaddamar da ita ranar 13 ga Yunin 2023, ke nan a watan Yunin 2027 za ta kau, kuma duk ƙudirin da bai kammala ba ya bi ta. Akwai sassauci a ƙa'idojin Majalisar Wakilai ga wanda ta riga ta amince da shi a baya: ana iya sake buga shi a kai shi kwamitin kowa da kowa ba sai an faro daga farko ba. Ko wannan ma sai an bi shi daidai. Ƙudirin albarkatun ruwa da ya tayar da ƙura, a watan Satumbar 2020 Majalisar Wakilai ta janye shi bayan an yi ƙorafin cewa ba a sake buga shi yadda ƙa'ida ta ce ba. Wanda yake makale a kwamiti kuwa ba shi da wannan gata, kuma in mai shi ya faɗi zaɓe, sai dai wani ya ɗauko shi sabo.

Hajiya Mai Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren kuɗi zan shigo, domin ko an sa hannu gobe, masu cewa a zo a duba fili sun yi gaggawa.

Dokar kafa makaranta ba ta zuwa da ko kwabo. Abin da take yi shi ne ta ba makarantar suna da mazauni da hukumar gudanarwa da ikon ba da shaidar karatu. A ƙa'ida doka na fara aiki ranar da aka sa mata hannu, sai in ita da kanta ta sa wata rana, kamar dokokin haraji da Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 aka ce manyansu sai 1 ga Janairun 2026. Amma fara aiki a takarda daban, naɗa shugaban makaranta da sakin kuɗin somawa daban. Waɗannan aikin ɓangaren zartarwa ne, kuma ba a fitar da kuɗi daga asusun gwamnati sai an sa su a kasafin kuɗi, wanda shi ma ƙudiri ne mai zaman kansa.

Tafiyar kasafi ta ɗan bambanta. Sashe na 81 ya ɗora wa shugaban ƙasa shirya shi da gabatar da shi, ɗan majalisa ba ya kawo nasa. Bayan karatu na biyu ana miƙa shi ga kwamitin kasafi, sauran kwamitoci su koma ƙarƙashinsa, kowace ma'aikata da hukuma ta zo ta kare abin da aka ware mata. Sashe na 59 ya yi masa tanadi na musamman, shi da ƙudirorin haraji. In majalisa ɗaya ta amince ɗayar ba ta amince ba har wata biyu da shigowar shekarar kuɗi, Shugaban Majalisar Dattawa yana da kwana 14 ya kira kwamitin haɗin gwiwa kan kuɗi. In su ma sun kasa, sai majalisun biyu su zauna wuri guda su yanke. Haka nan in shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu, a zaman haɗin gwiwa ake neman kashi biyu cikin ukun, ba kowace majalisa ita kaɗai ba. A irin wannan zama wakilai 360 sun rinjayi sanatoci 109 nesa ba kusa ba.

Lokaci ma yana cin aiki. Kasafin 2018 an gabatar da shi a Nuwambar 2017, ba a sa masa hannu ba sai 20 ga Yunin 2018. Rabin shekara ta tafi, damina ta sauka, wane gini za a yi? Na 2020 ne aka sa wa hannu tun 17 ga Disambar 2019. A matakin kwamitin nan ne kuma ake zargin cushe, maganar da ta jawo dakatar da Abdulmumin Jibrin a 2016 da Sanata Abdul Ningi a 2024 bayan hirarsa da BBC Hausa. Sannan ko layin kwalejinku ya fito a kasafi, sakin kuɗin wani yaƙin ne.

Wani abin da ya kamata Bazazzagi ya sani: a watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi na tarayya har shekara bakwai. Wannan matsaya ba ta hana majalisa yin ƙudiri, amma tana nuna maka irin shawarar da Ma'aikatar Ilimi za ta bayar a zaman jin ra'ayi, da wadda za ta bayar in takarda ta isa fada.

Gwani_Azare:

Hajiya ta taɓo inda ya dace. Ƙari kaɗan, tunda irin wannan sanarwa ta "ya tsallake karatu na biyu" an fi yaudarar mutane da ita kan ƙirƙiro jihohi.

Duk abin da su Malam suka bayyana na doka ce ta yau da kullum. In ƙudiri zai taɓa kundin tsarin mulki, sashe na 9 ne ke aiki: sanatoci 73, wakilai 240, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. In kuma sashe na 8 (na ƙirƙiro jihohi) ko na 9 ko babin haƙƙoƙin ɗan Adam za a taɓa, kashi huɗu cikin biyar ake nema, sanatoci 88 da wakilai 288. Ɗaya daga cikin dalilan da Jonathan ya bayar ke nan da ya ƙi sa hannu kan gyaran 2015, ya ce ba a nuna an cika wannan adadi ba. Ta wannan doguwar hanya dokar rage shekarun takara ta bi kafin Buhari ya sa mata hannu ranar 31 ga Mayun 2018, ta mayar da na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25.

Sabuwar jiha ta fi wannan ma wuya. Sashe na 8 yana neman buƙata daga kashi biyu cikin uku na 'yan majalisun tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomin yankin, sannan ƙuri'ar raba gardama da kashi biyu cikin uku na mutanen yankin, sannan rinjayen jihohin ƙasa, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja. Jihohi shida na ƙarshe, ciki har da Zamfara da Gombe da Nasarawa, Abacha ne ya yi su a 1996, kuma daga 1999 zuwa yau ba a ƙara ko ɗaya ba.

A duba hurumi ma. Majalisar Tarayya ba ta yin doka kan komai da komai. Tsaro da 'yan sanda da kuɗin ƙasa da ma'adinai nata ne ita kaɗai. Ilimi mai zurfi tana tarayya da jihohi a kai, don haka ƙudirinku ba shi da matsala ta nan. Amma sarauta ta jihohi ce, auren Musulunci da na gargajiya ma kundin ya cire su daga jerin tarayya. Shi ya sa dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ba ta hau kan jihohi kai tsaye ba, sai da kowace majalisar jiha ta yi tata.

Bazazzagi, ka nemi lambar ƙudirin daga ofishin ɗan majalisarku, HB kaza. Da ita za ka tambayi abu huɗu: wane kwamiti aka miƙa wa, an sa ranar jin ra'ayin jama'a ko ba a sa ba, an ajiye rahoto a zaure, kuma wane sanata ne zai riƙe shi in ya haye. In an sa ranar, ku rubuta takardarku da sunan shugaban kwamitin ku miƙa ta hannun akawun kwamiti kafin ranar da sanarwar ta ƙayyade, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kwafinku. A ciki ku faɗi nisan kwalejin tarayya mafi kusa da ku, da yawan makarantun sakandaren yankin, da ko akwai fili ko ginin da jiha ta yarda ta bayar.